Sai Yaran Sun Tasa

Idan ka shiga unguwar Karewa a Jimeta ka tambayi gidan Keturah, kallonka kawai za a yi. Amma ka ce Maman Joel, ko mai shagon kan kwana zai nuna maka baƙar ƙofar da mangwaro ya leƙo ta samanta. Doguwar mace ce, ta ɗan haura hamsin, ba ta da yawan magana. Ita ce sakatariyar Zumuntar Mata a cocinsu tun ba yau ba, don duk ranar zaɓe sai matan su ce a bar wa mai digiri wahalarta. Ran Lahadi ita ke karanta sanarwa. Ko cigiyar lema aka ba ta, sai coci ya yi tsit kamar za a faɗi sabon gwamna. Yaran yanzu suna zaton baiwa ce kawai. Manya sun san inda muryar ta yi aiki.

'Yar wani ƙauye ce a bayan Ganye, ƙasar doya. Ubanta, Baba Zadok, bai taɓa zama a aji ba, amma a yaren Chamba babu mai ja da shi. In za a sasanta rikicin iyakar gona, ko za a je neman aure, shi ake sawa gaba, domin yana iya gaya wa mutum laifinsa mutumin yana dariya. Hausarsa kuwa ta kasuwa ce, wadda yake cinikin doya da direbobi, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ya ɗauki Hausa kamar takalmin roba, a sa in za a fita, a tuɓe a bakin ƙofa. Baƙo yake yi wa ita. Tun da Keturah ta zo duniya bai taɓa yi mata magana da Hausa ba, ko da faɗa ne.

Ita ce mace ta farko da ta yi digiri a ƙauyen. Da ta gama a Maiduguri, wani gidan rediyo a Yola ya ɗauke ta karanta labarai da yaren Chamba. Aikin ba na rago ba ne. Za a kawo labarai da Turanci a raba wa masu yaruka, mai Fulfulde, mai Bachama, mai Kilba da sauransu, kowa ya nemi lungu ya juya su zuwa yarensa da biro kafin lokacinsa ya yi. Babu ƙamus, babu mai duba maka, sai dubban kunnuwa da ke jira a ƙauyuka. Kalmomin da suka gagare ta, irin su kasafin kuɗi da rigakafi, takan tara su a ka, ƙarshen wata ta tafi gida da ganyen shayi da sukari ta zube wa Baba. Shi kuma ya yi ta juya su a baki har ya samo yadda kakanninsu za su faɗa da sun san abin. In lokacin labaranta ya yi, sai ya kife turmi a ƙofar gida, ya ɗora rediyo a kai, ya ƙure murya. Har masu wucewa zuwa rafi sai sun tsaya.

A nan ne masu son labari za su so a ce miji ne ya hana ta aiki. To, su yi haƙuri. Apollos, mijinta, ɗan Numan ne, ma'aikacin gwamnati, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Bai taɓa cewa ta bari ba. Abin da ya faru shi ne, bayan Joel, haihuwarsu ta biyu, Virtue, ta zo bakwaini, 'yar mitsitsiya, yau lafiya gobe asibiti. Keturah ta ɗauki hutun haihuwa, ta ƙara da hutun da ba albashi, ta sake ƙarawa, har ta ji kunyar abokan aikinta ta ajiye da kanta. Da ta je gida ta gaya wa Baba, ya tambaye ta yaushe za ta koma. Ta ce sai yarinyar ta yi ƙwari.

Yarinya ta yi ƙwari, sai ga kai yara makaranta da ɗauko su. Ana cikin haka autarsu Debbie ta zo duniya, ba tare da an gayyace ta ba. Daga nan sai zazzaɓi, sai aikin gida na makaranta, sai jarabawa, sai wata jarabawar. Duk Kirsimeti in sun je ƙauye Baba zai yi tambayarsa, ita kuma ta ba shi amsarta: sai yaran sun tasa. Tambayar da amsar har suka zama kamar gaisuwa.

Wani kuskure kuma suka yi, ita da Apollos, irin wanda sai masu son zaman lafiya ke yi. Lokacin da Joel ya fara magana, da Chamba ya fara, tunda a bayan uwarsa yake wuni. Uwar Apollos ta zo daga Numan ta ji jikanta yana neman ruwa da yaren da ba ta ji. Ba ta ci abincin ranar ba. Apollos ya ɗaura aniyar koya wa yaron Bachama, ya yi mako biyu ya gaji. Don kada dangin kowa su ce an danne su, suka yanke a yi Hausa a gida, tunda da ita suka yi soyayya, Turanci kuma na makaranta. Shugabar makarantar yaran ma ta yaba, ta ce yare yana ɓata wa yaro Turanci. Aka raba gardama, kowa ya yi asara. Yaran suka tashi ba su jin na uwa, ba su jin na uba. In sun je ƙauye sai Baba Zadok ya sa takalmin robarsa ya gaisa da jikokinsa da Hausar doya, suna dariya yana dariya.

Kada a ce ba ta ji daɗin shekarun nan ba. Ta ji. Ita ta ga haƙorin farko na kowannensu, ita ta koya musu karatu a tabarma kafin malami ya san da su. Joel yanzu yana aiki a Abuja, Virtue da aka yi zaton ba za ta rayu ba tana bautar ƙasa a kudu, ta fi uwarta jiki. Sai dai tun da gidan ya fara zama wayam wani tunani ya samu wurin zama a ranta. Yusrah, ƙawarta da suka fara aiki tare, ba ta taɓa ajiye aiki ba, da 'yar aiki da kakar yara ta yi renon nata. Kuma yaran Yusrah ba su lalace ba. Ɗaya likita ce, ɗaya yana koyarwa, dukansu suna durƙusawa su gaida mutane. Wannan ne ke ci wa Keturah rai, kuma tana jin kunyar cewa yana ci mata rai. Da yaran Yusrah sun ɗan karkace, da ta san abin da ta saya da shekarunta.

Ta taɓa gwada yi wa Apollos maganar. Ya cire tabarau ya dube ta da tausayi na gaskiya, ya tambaye ta me ta rasa a gidan nan. Ta duba, ba ta rasa komai ba. Ta tashi ta ɗora tukunya, ta sake dafa shinkafar mutum biyar ga mutum uku.

Da daminar bana aka kawo Baba Zadok Jimeta don a cire masa yanar ido. Uwarta ta riga ta rasu, don haka aka ce ya zauna wurin Keturah har ya warke. Ya tsufa ƙwarai, idonsa a naɗe, amma kunnensa yana nan garau. Kullum da yamma sai an fito masa da kujera baranda an kunna masa rediyo ya ji labaran Chamba. Wata yarinya mai suna Rhoda ce ke karantawa yanzu. Baba ba ya raga mata. Ya ce tana tauna yare kamar mai cin ɗanyen rogo, ya ce da jin ta a gari ta girma. Keturah takan yi dariya tana tsinke ganyen miya, har da ɗan jin daɗi, don ta san da wa ake auna yarinyar.

Hirarsu da shi ba ta wuce ta mai jinya da majinyaci ba. Ka kwana lafiya, ga ruwa, ga magani, gishiri ya ji ko bai ji ba. Wani lokaci in ta yi magana sai ya ɗan jira, sannan ya maimaita abin da ta faɗa a hankali, kamar mai amincewa da ita. Ta ɗauka halin tsufa ne. Ba ta tsaya ta lura cewa yadda yake maimaitawa ba yadda ta faɗa ba ne.

Ranar da labari ya zo cewa Debbie ta samu jami'a, gida ya kaure da murna. Da aka natsa, Baba ya kira Keturah ta zauna kusa da ƙafarsa. Da yarensu ya yi maganar, kamar kullum.

"Autar ta tasa," ya ce. "Saura me kuma? Idona ko ya buɗe ko bai buɗe ba, ban damu ba. Na ga duniya. Kunnena ne ke bin ki alkawari."

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Keturah ta buɗe baki za ta ba da tsohuwar amsa, ta tarar babu sauran yaron da za ta fake da shi.

Ba a yi mako ba Malam Jibrilla ya kira ta. A zamaninta shi ne ƙaramin mai karanta labaran Fulfulde, ɗan cikin garin Yola, mai yawan aron biro. Yanzu shi ne shugaban sashen yaruka, gemunsa ya yi fari, amma har yau Adda yake ce mata, wato yaya. Ya ce Rhoda ta tafi hutun haihuwa, kwana biyu ke nan kiɗa suke sawa a lokacin Chamba. Ga shi an sako ruwan dam daga can sama, kogin Binuwai yana ta cika, an ce kowane yare ya gargaɗi mutanen bakin kogi su tashi. Ta taimaka ta zo gobe.

Ta ce ya ba ta mako biyu ta shirya.

"Adda, ruwa ba zai ba mu mako biyu ba," ya ce. "Ke da yarenki kuma wane shiri?"

Ita ma da ta ajiye waya abin da ta gaya wa kanta ke nan. Mutum da yaren da ya sha a nono, wane shiri? Apollos ya yi murna har ya wanke mota da kansa. Baba kuwa ya sa Debbie ta saya masa sabon batir, ya kuma sa ta kira ƙanensa a ƙauye ya shaida masa a gaya wa kowa. Da safe Keturah ta yi tunanin ta zauna da shi su ɗan taɓa hira mai tsawo ko bakinta zai warware. Sai ta ga yadda ya sa farar rigarsa ta zuwa coci tun da hantsi, ta fasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gidan rediyon ya canza. Inda injin buga takarda yake da can, yanzu kwamfutoci ne, yara sanye da abin ji a kunne, babu wanda ya san ta. Malam Jibrilla ya tare ta da maraba irin ta Fulfulde, "Jabbama, Adda," ya zaga da ita yana gaya wa yaran cewa wannan ce suke jin labarinta. Ya ba ta takardar labarai, ya ba ta biro yana dariya, ya ce yau ya biya na da. Ya nuna mata lungu.

Ta karanta Turancin, ta gane shi tsaf. Ruwa yana tahowa, manoman Damare da sauran na bakin kogi su kwashe iyali da dabbobi su hau tudu, kada a shiga kwale-kwale da lodi, a tafasa ruwan sha. Ta ɗora biro a takarda. Abin da ya fara zuwa mata Hausa ce. Ta kore ta, ta sake zuwa. Da can daga Turanci kai tsaye take faɗawa cikin yarensu, ba ta ma san akwai hanya a tsakani ba. Yanzu kowace magana sai ta biya ta Hausa, in ta iso kuma ta iso da ƙirar Hausa, an dai sauya mata kaya.

Akwai yadda ake kiran ruwan da ke zuwa ya ci gona alhali ba a yi ruwan sama a garin ba. Baba ya taɓa ba ta shi, tana tuna ranar, tana tuna gindin bishiyar, tana tuna har kofin shayin da ke hannunsa. Kalmar ce kawai babu. Ta nemi yadda ake cewa tudu, ta samu wani abu mai kama da shi, ba ta tabbata ba. Ta nemi yadda babba ke gargaɗin jama'a ba tare da ya tsorata su ba, salon da aka san ta da shi, ta tarar abin da ya rage mata shi ne ci abinci, sha magani, kwana lafiya. Shekara ashirin da ɗoriya tana zaton yaren yana ajiye a cikinta kamar zani a ƙasan akwati. Ashe shi ba a ajiye shi.

Ta ɗauko waya. In ta kira Debbie ta miƙa wa Baba, cikin ɗan lokaci zai ba ta duk abin da take nema. Ta kalli lambar har hasken wayar ya mutu. Mutumin da ya sa farar riga yana jiran 'yarsa ta nuna wa Rhoda yadda ake yi, shi za ta tambaya yadda ake cewa tudu? Ta mayar da wayar jaka. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun lokacin da Virtue ke cikin kwalba a asibiti, kuma wannan karon babu likitan da za ta kira.

Aka shigar da ita ɗakin watsa labarai, jar fitila ta kama. Muryar kuwa ta zo. Wannan ne muguntar abin. Ta fito da nauyinta da sanyinta kamar jiya ta ajiye ta, ba ta yi rawa ba, ba ta sarƙe ba. Da wannan kyakkyawar murya Keturah ta karanta abin da ta harhaɗa. Inda ta rasa kalma ta cusa ta Hausa, inda ta Hausar ta yi mata tsirara ta zagaya da dogon bayani irin na yara. Tana karantawa tana jin kanta. Gargaɗin dai ya fita, duk mai kunne ya gane ya gudu daga ruwa. Amma ta san da Rhoda ce ta karanta haka, da Baba ya ce a kashe.

Da fitilar ta mutu, injiniyan ya ɗaga mata babban yatsa ta bayan gilashi. Malam Jibrilla ya shigo fuskarsa kamar an yi masa albishir. Shi Chambarsa ba ta wuce ina kwana ba.

"Wallahi, Adda, kamar jiya kika tafi," ya ce. "Ki riƙe mana har Rhoda ta dawo. In ta dawo ma za mu san yadda za a yi."

Ta yi godiya. Me za ta ce masa? A keken da ta hau zuwa gida waya ta yi ta ƙara. Matan Zumunta ne, da Yusrah, da Joel daga Abuja wanda wani ya tura masa sautin, kowa yana yaba murya. Babu ɗaya a cikinsu da ke jin yaren. Daga ƙauye babu wanda ya kira.

Debbie ta tare ta a ƙofa da tsalle, ta rungume ta, ta ce ba ta taɓa sanin Momi haka take ba, ta ce tsikar jikinta har tashi ta yi ko da yake ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Sannan ta ba ta labarin Kaka tana dariya. Wai tun kafin lokaci ya sa ta mirgino turmi daga kicin ta kife a bakin ƙofa, ta ɗora rediyon a kai, ta ƙure murya, har mai shago ya leƙo. Da aka fara ya miƙe zaune yana murmushi. Can kuma sai ya ce ta miƙo masa rediyon, ya ɗora a cinya, ya yi ta rage murya har sai da ya kara a kunne. Debbie ta ce ita dai tana ganin so yake ya ji shi kaɗai.

Keturah ta dubi turmin, yana nan a kife inda aka bar shi. Ta taka zuwa baranda. Baba yana zaune cikin farar rigarsa, idonsa a naɗe, rediyon a cinyarsa a kashe, hannayensa biyu a kai. Ta durƙusa ta gaishe shi da yarensu, gaisuwar yamma, wadda ko a mafarki ba za ta ɓace mata ba.

Ya juyo wajenta. Babu fushi a fuskarsa, da akwai da ta fi samun sauƙi. Ya laluba ya dafa kanta. Sannan ya yi magana a hankali, yana rarrabe kalmomi, da muryar da yake yi wa ma'aikatan asibiti da jikokinsa don kada su wahala.

"Sannu da aiki," ya ce da Hausa. "Ka gaji. Je ka sha ruwa."

Ta tsaya a durƙushe. Ta so ta ce masa ita ce, ta so ta roƙe shi ya zage ta da yarensu kamar yadda yake zagin Rhoda, ya gyara mata, ya fara da ita daga farko. Ta nemi yadda za ta faɗi haka, yadda 'ya ke roƙon uba, ta yi ta nema. Debbie tana tsaye da kofin ruwa tana kallonsu.

"Gobe ma za ka je?" ya tambaya.

"Ban sani ba, Baba," ta ce. Da Hausa ta ba shi amsa.